Ruwan da ke Wuce Gonarmu



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamaina da abokan aikina, malaman gona, ɗalibai, da manoman da suka ajiye ayyukansu suka zo, ina yi wa kowa barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan yadda za mu ci amfanin ƙasa da ruwa ba tare da mun ƙarar da su ba. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya ga abu guda: ruwan da Allah yake saukar mana a gona, nawa ne yake zama, nawa ne yake wucewa, kuma me ya sa.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Idan ruwan sama na milimita 1 ya sauka a kan hekta 1, an sami lita 10,000 ke nan. A wurin da ake samun milimita 600 a damina, kamar yadda akan samu a sassa da dama na arewacin Katsina da Jigawa, hekta guda tana karɓar lita miliyan 6. Da za a ɗura shi a durom mai cin lita 200, sai an cika durom 30,000. Babu wanda ya sayi fetur ya jawo shi, babu wanda ya biya ɗan garuwa. Amma ku je ku tsaya a bakin fako ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ɗigon ruwa yana dukan ƙasa tsirara, ya toshe mata 'yan ƙofofin da take sha da su, ta yi ɓawo a sama. Kafin a jima sai ka ga jan ruwa ya miƙe, ya bi gangare, ya faɗa hanya, ya tafi da ƙasar sama wadda ita ce mai albarkar. Bayan kwana uku ka sa fartanya ka tona, ba za ka yi nisa ba za ka tarar da busasshiyar ƙasa. In kaka ta yi, mai gonar zai ce bana ruwa ya yi ƙaranci, alhali rabonsa ya sauka, wucewa ya yi.

Kada a ɗauka ina musun fari. Dattawan da ke zaune a nan sun ga na 1972 zuwa 1974, sun ga na 1984, sun san abin da ya yi wa mutane da dabbobi. Damina ma ta sauya hali: ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya a yini guda, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku bayan shuka ta tsiro. Wannan sauyin ne ma ya sa maganar riƙe ruwa ta fi ta da muhimmanci. Gonar da ta shanye ruwanta ita ce shukarta ke jure ɗaukewar, ta maƙwabta kuma sai an sake shuka.

Abin da ke sa ƙasa ta sha ruwa ta riƙe shi sananne ne ga kowane manomi: ruɓaɓɓen ganye da kara, kashin dabbobi, saiwar itace da ke huda ta, inuwar da ke hana rana ƙona ta, da ƙananan halittu irin su gara da tana masu yi mata ramuka. Iyayenmu suna da hanyoyin mayar mata da waɗannan. Akan bar gona ta yi saura shekaru ta huta. Bayan girbi Bafulatani yakan sauka da shanunsa su kwana a gona, su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi damin hatsi, kowa ya amfana. Yau jama'a ta yi yawa, gonar gado an raba ta har ta koma 'yan kunyoyi, babu wurin saura. Tsakanin manomi da makiyayi kuma kun san yadda zama ya lalace, kuma ƙasa tana cikin waɗanda suka yi asara a wannan rigima, ko da yake ba a lissafa ta. Kara ya zama kuɗi: abincin dabba ne, makamashi ne, danga ce. Ana kwashe shi kakaf, abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sassabe. Ba na zargin talakan da ya kwashe karansa, domin da shi matarsa za ta dafa tuwo. Sai dai gonar da ake ɗauka daga gare ta kowace shekara ba a mayar mata da komai, dole ta gaji, kuma idan ka ga wuta-wuta ta mamaye dawa, sanarwar gajiyar ke nan.

Amsar da hukumomi suka fi sani ita ce buhun taki. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ƙudurta a kai amfani da takin zamani zuwa kilo 50 a kowace hekta. Ni ba na gaba da takin zamani. Ƙasarmu ta jigawa tana fama da ƙarancin sinadarin fosfaras, kuma takin gida kaɗai ba ya cike wannan giɓi. Amma watsa buhun yuriya a kan rairayin da ba shi da ruɓaɓɓen abu kamar zuba ruwa ne a kwando. Ruwan sama zai wanke shi, ko rana ta cinye shi, manomi ya ci bashi a banza. Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba, in an sa shi a ramin shuka daidai inda saiwa za ta same shi, yana ƙara amfanin gero sosai da kuɗi kaɗan, kuma ya fi aiki idan ya tarar da takin gida a wurin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wanda ke shakkar ƙarfin takin gida ya dubi karkarar da ta kewaye birnin Kano. Wuri ne mai cunkoson jama'a, an daɗe ƙwarai ana noma shi shekara bayan shekara babu hutu, kuma bisa ƙa'idar littafi ya kamata a ce ƙasarsa ta mutu tuntuni. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Bayero, ya bi diddigin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya tarar ƙasar ba ta mutu ba. Dalilin yana cikin gida. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin dawa da gero, su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Harawarsu ta tafi ga awaki da tumakin da mata ke turkewa a gida. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida a tara a juji, da rani a loda wa jaki a mangala a kai gona, a jibge tsibi-tsibi. Jakuna sukan shiga birni da itace su fito da shara. A gonakin kuma an bar ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya. Babu abin da ke fita ya ɓace. Abin da ke damuna yau shi ne sharar birni ta cika da leda da roba da matattun batura. Manomi yana sayen tifar shara da kuɗinsa, ya zuba wa gonarsa ledar da za ta hana ruwa shiga ta kuma kashe masa akuya. Tace shara a ware mai ruɓewa aiki ne da ƙananan hukumomin birni za su iya ɗaukar matasa su yi, kuma akwai masu saye suna jira.

Yanzu ina so mu haura iyaka zuwa Maraɗi, domin a can ne aka yi abin da nake ganin ya fi komai dacewa da mu. Mutanen Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu jigawa ce irin tamu, ruwansu ma bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Iska takan binne shuka da rairayi, sai an shuka sau biyu ko sau uku. An kashe kuɗi mai yawa wajen rainon itatuwa a leda ana dasawa, mafi yawansu suka mutu, waɗanda fari ya bari awaki suka ƙarasa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan duhuwoyin da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe toho ne na kututturen manyan itatuwa. Saiwarsu tana nan a raye a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfi har ta kai ga danshi, dama kawai take nema.

Aikin ba shi da wuya, kuma zan bayyana shi don ɗalibanmu. Manomi ya zo ga kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko gawo wanda ya fitar da tsiro goma ko ashirin. Maimakon ya share duka ya ƙona, sai ya zaɓi masu ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran da kaifin lauje ko gatari, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa, ya ɗaura musu ɗan tsumma don kowa ya san da mai su. Tun da tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, cikin shekara biyu ko uku sun wuce tsawon mutum. Rassan da ya rage sun zama itacen girki, ganyen ya zama taki. Mutanen Maraɗi suna ce wa wannan sassabin zamani. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya, domin a al'ada gona mai tsabta ita ce wadda aka share tas. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka yi don su sami hatsi, da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, gero ya fi kyau a gindin itace, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itace, ga kuma abin sayarwa a shekarar da hatsi bai yi ba. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyo wurin maƙwabci. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sai suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. A shekarar kuma aka ba Yakubu Sawadogo, manomi daga Yatenga ta Burkina Faso, wanda zan zo kansa nan gaba kaɗan.

Gawo ya cancanci a keɓe shi da magana. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Lokacin da gero ke son rana, gawo ba ya yi masa inuwa, kuma ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai sa'ad da shuka ke bukata. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Duk wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya ya ga yadda gawo ya rufe gonaki, ya kuma ga tsawon zangarniyar da ke ƙarƙashinsa.

Ga fakon da ya riga ya mutu kuwa, inda ko kututture babu, akwai dabarar da Sawadogo ya raya ya inganta. A Burkina ana ce mata zayi, a Nijar tassa. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin kowanne kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 10 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Iska ta ƙaro ganye da rairayi. Sai gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ta huda ƙasar ta yi hanyoyi zuwa ƙasa. Ranar da ruwa ya sauka, maimakon ya gudu, sai ya taru a ramin ya bi hanyoyin gara ya nutse. A nan ake shuka. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada. Damina ta 1990 ba ta yi kyau ba, kuma gonakin tassa ne suka ba da hatsi. Ba a daɗe ba fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa ya zama abin saye da sayarwa a yankin. Aikin yana da wahala, kada in ɓoye muku, haƙa hekta guda yana cin makonni a zafin bazara. Haka ma ramin rabin-wata da jera duwatsu a kan gangare. Amma aiki ne na lokacin da matasanmu ke tafiya ci-rani.

To, in dabarun suna da araha haka, kuma ga su a ƙofar gidanmu, me ya hana su bazuwa a wajenmu kamar yadda suka bazu a can? A ganina amsar tana ga tambayar da kowane manomi ke yi wa kansa kafin ya yi wahala: in na raya, nawa ne? A Nijar dokar daji da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar hukuma. Malamin daji yakan ci tarar mutum don ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. Sakamakon haka sai manomi ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa masifa. Itatuwa sun dawo ne lokacin da hukuma ta sassauta, manoma suka tabbata cewa abin da suka raina nasu ne. Daga baya doka ta biyo sawu, da dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tsara sassabin zamani ta kuma tabbatar wa manomi haƙƙinsa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga mutanen gari ne da kansu suka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, suka sa tara ga mai satar itace.

A wajenmu matsalar tana da fuska biyu. Ta farko masu gawayi da masu itacen sayarwa, waɗanda kan shiga gonar mutum da dare su kayar da itacen da ya shekara goma yana raino, in ya kai ƙara a ce ai itace ne kawai. Ta biyu gonar aro da haya da jingina. Wanda ya karɓi gona haya ta damina ɗaya ba zai kai mata mangala ko guda ba, domin ya san in ta yi kyau, baɗi mai ita zai karɓe ko ya ƙara kuɗi. Mata da yawa suna noma gayaunar da ba su da tabbacin za a bar musu. Malamanmu na fiƙihu sun san babin raya mataccen fili, inda shari'a ta ba wanda ya raya ƙasa haƙƙi a kanta bisa sharuɗɗa. Wannan hikima muna da ita tun kafin a zo mana da wani shiri daga waje, kuma ita ce ta yi aiki a Maraɗi da Illela.

Kafin in zauna zan taɓa manyan madatsun ruwa, don kada a ce na manta da noman rani. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ya mai da Kadawa da Kura wurin shinkafa da tumatir da alkama, wannan gaskiya ne. Na Challawa ya biyo baya a 1992. Amma kogin da aka tare a Kano shi ne ke malala ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa ke ci, inda kuma ruwa ke nutsewa ya cika rijiyoyi har cikin Yobe. Da aka sauya masa tafiya, ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu wurare, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya sami maɓoya. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna, suka tarar amfanin da ruwa ke bayarwa in an bar shi ya malala a fadamar ya fi wanda yake bayarwa a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Ƙasar da zaizaya ke kwasowa daga gonakin tudu kuma a cikin dam take kwanciya, tana rage masa ciki shekara bayan shekara. Dam kuma yana son kulawa: abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle bai kamata ya fita daga ranmu ba. Su ma masu injin ban-ruwa a fadama, da rijiyoyin da ake ta bugawa ba lissafi, su sani cewa ruwan da suke ja daga ƙasa, na saman da ya nutse ne. Cika fangali da ruwa fiye da kima asarar fetur ce, kuma inda babu magudana, shi ke sa ƙasa ta yi kanwa.

Roƙona na farko ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni ne, domin wannan yana hannunku, ba ya bukatar kasafin kuɗi. A shelanta a masallaci da kasuwa cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, wanda ya sare ba izini zai biya, kuma a ga an hukunta na farko da aka kama. Hayar gona kuma a riƙa yin ta a gabanku a rubuce, ta shekara uku zuwa biyar, da sharaɗin cewa wanda ya zuba taki shi zai ci amfaninsa. Ga shugabannin ƙananan hukumomi, daga cikin kuɗin bikin dashen itace na shekara guda a ware na mota, a kwashi manoma maza da mata daga Daura da Maigatari da Jibiya a kai su ƙauyukan Maraɗi da Damagaram su kwana biyu, su yi hira da takwarorinsu da harshe ɗaya, babu tafinta. Malaman gona kuma, sassabe ya kusa. Kowannenku ya nemi manoma biyar a yankinsa waɗanda za su yarda su bar tsiro arba'in a hekta bana, gonakin su kasance a bakin hanya inda masu zuwa kasuwa za su gani, a ɗauki hoto yanzu a sake ɗauka bayan damina uku.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi, kuma zan so manoma su fara.